Makaranta Ta Toshe Intanet: Tambayoyin Da Aka Ishe Ni Da Su, Da Amsoshinsu

Aikina kula da kwamfutoci da netwok ɗin wata makarantar sakandare, wato ni ne mutumin da ake zagi a zuci duk lokacin da aka danna shafi ya ƙi buɗuwa. Tambayoyin nan kusan kullum sai an yi min su, ɗalibai su yi, iyaye su yi, har da malamai masu shigowa ofis suna rage murya kamar waɗanda suka zo rance. Na gaji da maimaitawa shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Tun da wuri in faɗa, wanda ya zo neman dabarar haure katanga ba zai samu a nan ba, amma zan faɗi yadda abin yake aiki tsakani da Allah, har da wuraren da mu ma muke kwafsawa.

Wai don me ake toshewa tun farko? Ba don karatu aka kawo intanet ɗin ba?

Don karatun aka kawo, shi ya sa ma. Amma yawancin ɗalibai sun ɗauka ni ne na tashi da safe da mugunta na ce yau ba wanda zai ji daɗi, alhali a ƙasashe da yawa doka ce ta ɗora wa makarantu. A Amurka akwai dokar da suke kira CIPA ta shekarar 2000, wadda ta ce duk makaranta ko laburaren da ke karɓar tallafin gwamnati na rangwamen kuɗin intanet, shirin da ake kira E-rate, dole ya sa abin da zai tare hotunan batsa da hotunan lalata da yara da sauran hotuna masu cutar da ƙananan yara. Masu laburare sun kai ƙara suna cewa an tauye 'yancin karatu, a 2003 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce dokar tana nan daram. A Ingila ma ƙa'idar gwamnati ta kare yara a makarantu ta wajabta tacewa da sa ido, kuma akwai ƙungiyar IWF da aka kafa a 1996 mai tara jerin adireshin shafukan lalata da yara tana ba kamfanonin filta, wato manhajar tace shafuka, su toshe.

Abin lura shi ne ita dokar Amurkan ba ta ce a toshe gem ko soshiyal midiya ba, wannan makarantu ne suka ƙara da kansu, kuma dalilinsa ba wani boyayye ba ne. Layin intanet ɗin makaranta ɗaya ne kowa a kansa yake. Bidiyo mai kyan hoto yana cin wajen megabit 5 a daƙiƙa, to ka lissafa mutum 100 suna kallo lokaci guda, megabit 500 ke nan sun tafi, sai malamar kimiyya ta zo buɗe darasi abu ya tsaya yana ta juyawa, kuma ni za a kira ba ku ba.

Sai kuma wanda ya fi hana ni barci, wato bairos. Mutum ɗaya ya sauke gem ɗin da aka fasa daga wani shafin banza ya isa ya jawo wa kowa. A watan Satumba na 2022 masu kutsen neman fansa suka afka wa hukumar makarantun birnin Los Angeles, ta biyu a girma a Amurka, da aka ƙi biyansu suka watsa bayanan da suka sata a intanet. Makaranta ba ta da kuɗin banki amma tana da sunayen yara da adireshin gidajensu da bayanan lafiyarsu, wannan kuma kaya ne a kasuwar ɓarayi.

Yaya filtar take sanin shafin da zan shiga?

Duk abin da ya fita daga na'urarka sai ya bi ta ƙofa ɗaya kafin ya kai waje, kuma mu ke riƙe da ƙofar. Da ka rubuta sunan shafi, na'urarka sai ta fara tambayar wata sabar da ake kira DNS lambar wannan shafin, don kwamfuta lamba ta sani ba suna ba. A makaranta tamu sabar ake tambaya, in sunan yana cikin jerin da aka hana sai ta ƙi ba da lambar ko ta tura ka shafin nan da kuka tsana mai cewa an toshe.

Jerin kuma ba ni nake zama in rubuta ba, wa zai iya? Kamfanoni irin su Lightspeed da Securly da GoGuardian da Smoothwall da Fortinet su ke rarraba miliyoyin shafuka gida-gida, wannan caca, wannan batsa, wannan gem, wannan labarai, ni dai in zaɓi gidajen da za a rufe. In kwamfutar ta makaranta ce, misali Chromebook, to akwai ƙarin manhaja a cikin ita kanta burauzar da ke ganin shafin bayan ya buɗe, wannan ko gida ka kai ta tana nan tare da kai.

To me ya sa ake toshe shafuka masu amfani? Jiya ina binciken ciwon daji aka rufe min.

Nan kam kuna da gaskiya, ba zan kare abin ba. Filta ba ta da hankali, kan mai uwa da wabi take yi. Ta ga sunan wata gaɓar jiki sai ta rufe, ba ruwanta da cewa shafin asibiti ne ko darasin bayoloji. Matsalar tsohuwa ce har suna gare ta. A 1996 kamfanin intanet na AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, saboda in ka duba tsakiyar sunan garin akwai haruffa huɗu da suka haɗa wata ashar ta Turanci, tun daga nan ake kiran irin wannan shirme matsalar Scunthorpe. Akwai wata kwaleji a jihar Pennsylvania mai suna Beaver College da ta koma Arcadia University a 2001, cikin dalilan har da yadda filtoci ke tare shafinta saboda sunan yana da wata ma'ana ta batsa a bakin 'yan tasha.

Yanzu filtocin sun ɗan yi wayo, sun rage dogara da kalma ɗaya, amma wata matsalar ta maye gurbi: shafin da kamfanin bai taɓa gani ba. Sabon shafi, ko ƙaramin shafi, ko wanda aka rubuta da harshen da injinsu bai iya ba, sai a jefa shi gidan "ba a tantance ba", makarantu da yawa kuma sun rufe wannan gidan gaba ɗaya don nan ne shafukan damfara ke ɓuya tunda kullum sababbi suke buɗewa. Shi ya sa za ka ga shafi mai kyau na Hausa ya ƙi buɗuwa ba don ya yi laifin komai ba. A ganina makarantar da ta toshe fiye da kima ita ke koya wa yara haure katanga da hannunta, don yaron da aka hana shi aikin gida sau uku ba zai ƙara ganin girman dokar ba.

In na buɗe incognito ai ba za ku gani ba ko?

Za mu gani. Incognito na'urar da ke hannunka kaɗai yake hana ajiye tarihi, don ƙaninka ko wanda zai zauna bayanka kada ya gani. Ƙofar da na faɗa ɗazu ba ruwanta da shi. Kai ita kanta burauzar tana rubuta maka haka ɓaro-ɓaro a shafin farko, cewa makarantarka ko wurin aikinka na iya ganin abin da kake yi, ba wanda ke karantawa ne kawai.

VPN fa? Abokina ya ce da VPN ba mai iya kama ka.

Abokinka rabin karatun ya yi. Gaskiya ne VPN yana nannaɗe abin da kake yi ya kai shi wata sabar a waje, ni ba zan ga shafukan da ke ciki ba. Amma ina ganin nannaɗin. Na'urar kowa tana magana da shafuka goma sha a minti ɗaya, taka kuma ta kama adireshi guda ɗaya tak a wata ƙasa tana ta ɗura masa data awa biyu, kuma da sunanka ka shiga wayfai ɗin. Kamar mutum ne ya rufe fuska da bargo a tsakiyar aji yana cewa ba a ganinsa. Ban da haka manyan VPN ɗin duk an san adireshin sabobinsu, kuma injinan tsaro na yanzu suna gane salon gaisuwar da kowanne ke yi kafin ya haɗu.

Amma ni ba kamun ne ya dame ni ba, wane VPN ɗin kuke sawa? Na kyauta, tunda ɗalibi ba zai biya kuɗin wata-wata ba. To sabar kuɗi ake biya, layi kuɗi ake biya, banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. A 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar kimiyya ta Ostareliya CSIRO, sun duba manhajojin VPN 283 na Android, suka tarar kashi 38 cikin ɗari akwai alamar mugun kod a cikinsu, kashi 18 kuma ko nannaɗewar ma ba sa yi, wato sunan VPN ne kawai. A 2015 aka gano VPN ɗin Hola, wanda miliyoyin mutane ke amfani da shi kyauta, yana sayar da layin masu amfani da shi ga wasu, wato wani can da ba ka sani ba ya bi ta na'urarka ya yi abin da zai yi da adireshinka. Onavo kuma VPN ne na Facebook, ana tallarsa a matsayin kariya alhali yana tara wa kamfanin bayanin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka cire shi daga shagon Apple a 2018. Ka guje wa admin ɗin makaranta wanda ka san fuskarsa ka san ofishinsa, ka miƙa komai naka ga wanda ko ƙasarsa ba ka sani ba, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Su shafukan firoksi da na gem da ake turawa a gurup fa, waɗanda ba a toshe ba?

Ba a toshe ba tukuna. Yawanci kwana biyu uku suke yi, don da mutum 40 sun ruga shafi ɗaya da ba a taɓa jin sunansa ba sai ya hau saman rahoton da nake dubawa da safe. Ku da kanku kuke tona shi.

Firoksi kuma ya fi VPN ɗin kyauta haɗari a wajena, saboda shi ke buɗe shafin a madadinka ya miƙo maka, to duk abin da ka rubuta a ciki ta hannunsa ya bi, har fasuwod. Na taɓa zama da wata ɗaliba tana kuka an ƙwace mata akawun ana tura wa ƙawayenta saƙon neman kuɗi da sunanta, da muka bi diddigi ta irin wannan shafin ta shiga, sau ɗaya tak.

Amma ai yara suna karya filta, ka daina yi kamar ba a iyawa.

Ana iyawa mana, ban taɓa cewa ba a iyawa ba. A 2007 gwamnatin Ostareliya ta fito da shirin filta na gidaje da ta ware wa dalar ƙasar miliyan 84, wani yaro ɗan shekara 16 a Melbourne ya tsallake ta cikin kusan rabin awa, har jaridun duniya suka ɗauka. A 2013 Los Angeles ta fara raba wa ɗalibai iPad a wani shiri na wajen dala biliyan 1, cikin mako guda ɗalibai kusan 300 a wata sakandare suka cire takunkumin suka shige Facebook da YouTube, dole aka hana tafiya da na'urorin gida. Kai ko an rufe duk manhajojin hira, yara sai su buɗe takarda ɗaya a Google Docs su yi ta hirarsu a ciki suna gogewa, wannan kam da na fara gani dariya na yi, don wallahi akwai basira.

Ni ɗaya ne, ku ɗaruruwa ne, kuma kun fi ni lokaci. Ban taɓa ɗaukar filta a matsayin ganuwar da ba a haurawa ba. Amfaninta ta hana yaro ɗan shekara 11 faɗawa cikin ƙazanta bisa kuskure yana neman hoton aikin gida, ta kuma sa wanda zai haura ya san da gangan ya haura. Bambancin da ɗalibai ba sa ganewa shi ne tsakanin iya wucewa da wucewa ba sawu. Na farkon yana da sauƙi. Na biyun ne ban cika gani ba.

Tsakani da Allah me kuke gani? Kuna karanta saƙonnina?

Ya danganta da na'urar wa ke hannunka, kuma wannan ita ce tambayar da ta kamata kowa ya yi tun ranar farko.

In wayarka ce ta kanka ka hau wayfai ɗin makaranta, ina ganin sunan shafin da ka je, da lokaci, da yawan datar da ka ci. Abin da ke ciki ba na gani, tunda kusan duk shafuka yanzu HTTPS ne, wato a kulle suke tsakaninka da su. WhatsApp da Signal ma kullensu daga waya zuwa waya ne. Sai dai in an sa ka ka girka wata shaidar tsaro ta makaranta kafin a ba ka wayfai, to wannan tana ba injin makaranta damar buɗe shafukan burauza ya leƙa ya mayar ya rufe, kuma ya kamata a gaya maka haka a fili kafin ka yarda.

In kuwa na'urar makaranta ce ko akawun ɗin makaranta, ka ɗauka komai a buɗe yake: abin da ka nema a Google, imel, takardun da ka rubuta, wani lokaci malami na ganin allonka kai tsaye yana daga teburinsa. Wasu manhajojin ma suna tura gargaɗi da kansu in yaro ya rubuta kalmomin da ke nuna zai cutar da kansa ko wani.

Ba kuma zan ce makarantu ba sa wuce gona da iri ba. A 2010 asiri ya tonu cewa hukumar makarantun Lower Merion a Pennsylvania tana kunna kyamarar laftof ɗin da ta ba ɗalibai daga nesa, an ɗauki hotuna sama da 56,000, wasu yara suna cikin ɗakin kwanansu, wai da sunan neman na'urorin da suka ɓace. Ƙarshenta dala 610,000 suka biya aka sasanta. Don haka iyayen da ke tambaya me ake tarawa, wa ke gani, har tsawon yaushe ake ajiyewa, ba fitina suke nema ba, haƙƙinsu ne, kuma admin ɗin da ya ji haushin tambayar nan a sa masa ido.

In na yi amfani da datata fa?

Ba ta bi ta wajena ba, ba abin da zan gani. Saura dokar riƙe waya a makaranta, wannan tsakaninka da shugaban makaranta ne. Amma in ka haɗa laftof ɗin makaranta da hotspot ɗin wayarka kana zaton ka kuɓuta, ka tuna manhajar tana cikin laftof ɗin.

Laifi ne a doka ko dai dokar makaranta ce kawai?

Hawa biyu ne kuma tsakaninsu akwai nisa. Sa VPN don ka kalli ƙwallo, wannan saɓa yarjejeniyar amfani da intanet ce da kai ko iyayenka kuka sa wa hannu farkon shekara ba ku karanta ba, hukuncinsa a rufe maka akawun, a karɓe na'ura, a kira iyaye. Amma ranar da ka shiga da fasuwod ɗin malami, ko ka leƙa sabar sakamakon jarrabawa, ko ka sa abin da ke naɗar abin da mutane ke bugawa a kibod, ko ka biya wani shafi ya durƙusar da netwok ranar jarrabawa, to ka fita daga hannun makaranta. Ingila tana da dokar Computer Misuse Act tun 1990, Amurka tana da tata tun 1986, ƙasashe da yawa sun yi irinsu, kuma abin da suke kallo shi ne ka shiga inda ba a ba ka izini ba, ko da ba ka canja komai ba, ko da wasa kake yi. "Ai ban taɓa komai ba, dubawa kawai na yi" ba ta fitar da mutum.

An ba ni fasuwod ɗin wayfai na malamai, ba satarsa na yi ba.

Wanda ya ba ka ba shi da ikon bayarwa. Kuma a ƙarshe shi zai fi ka shan wahala in malami ne, don duk abin da ka buɗe da sunansa za a rubuta.

To yaya zan yi a buɗe min shafin da nake buƙata da gaske?

Ka tambaya, wallahi iyakarta ke nan, kuma abin mamaki a shekara ban fi samun buƙatu kaɗan daga ɗalibai ba alhali masu neman VPN ba sa ƙirguwa. Ka kwafo cikakken adireshin shafin, ba ka zo ka ce min "wani shafi na tarihi" ba, ka faɗi darasin da kake so dominsa, in da hali malamin darasin ya sa baki. Buɗe shafi ɗaya ba ya ɗaukar minti biyar. Wani lokaci zan ce a'a, misali shafin da ke ɗauke da abu mai kyau da marar kyau a adireshi ɗaya ba yadda zan raba su, amma ko a nan sau da yawa akan buɗe wa aji ɗaya na awa ɗaya. In an ƙi ba a ba ka dalili ba ka sake tambaya, ka tafi da iyayenka in ta kama.

Ni sha'awar harkar kutse nake yi da gaske, a ina zan koya in ba a nan ba?

Ku ne na fi so, kuma ku ne na fi jin tsoron a kora saboda wauta. Akwai wuraren da aka gina musamman don a fasa su: picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon gasa ce ta kyauta da aka yi domin 'yan sakandare, akwai OverTheWire, akwai TryHackMe. Ko ka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, a tsohuwar kwamfuta a gida ka girka Linux a ciki ka yi ta farfasa kayanka kana gyarawa, abin da za ka koya a wata ɗaya ya fi shekara guda ta kwafar link daga gurup, don wanda ya danna link ɗin da wani ya turo ba kutse ya iya ba, dannawa ya iya.

In kuma ka yi tuntuɓe da wata ɓaraka a netwok ɗin makaranta ba da nema ba, ka tsaya a nan kada ka ƙara taku ɗaya don ka "tabbatar", kada ka nuna wa abokai, ka zo ka faɗa. Wani yaro ya taɓa nuna min wata firinta da aka bari da fasuwod ɗin da ta zo da shi daga kamfani, shekara biyu ina wucewa ta gabanta ban lura ba.

Ni uwa ce, tunda makaranta na tacewa sai in kwantar da hankalina?

Hajiya, awannin makaranta kawai muke riƙe da su, da na'urar makaranta. Wayar da ke ƙarƙashin filo ƙarfe 1 na dare ba ta san da zamana ba. Android yana da Family Link, iPhone yana da Screen Time, na iyaye su sa wa wayar yaro takunkumi, duka kyauta ne kuma suna taimakawa musamman ga ƙanana, amma su ma ana haure su kamar yadda ake haure tawa. Abin da na lura da shi shi ne yaran da suka faɗa hannun masu damfara ko masu barazana da hotuna sukan yi shiru ne don tsoron za a ƙwace wayar in sun faɗa, sai abu ya yi nisa kafin babba ya ji.

Me ya sa YouTube ke buɗewa amma wasu bidiyoyin su ƙi, kuma ba a ganin kwament?

Wannan ba toshewa ba ce gaba ɗaya, Google ne ya ba makarantu hanyar tilasta yanayin taƙaitawa a kan duk netwok ɗin, haka ma SafeSearch mai ɓoye sakamakon batsa a wajen bincike, shi ya sa ko ka je setin ka kashe zai nuna maka a kulle. Injin YouTube ne ke zaɓar bidiyon da zai ɓoye ba ni ba, kuma shi ma yana shirme, ya ɓoye darasin tarihin yaƙin duniya ya bar wani yana ihu yana buga gem. In makarantarku tana amfani da akawun ɗin Google na makarantu, ana iya ba malamai ikon amincewa da bidiyo ɗaya-ɗaya, sai ka kai wa malamin link ɗin ya danna, in bai san yana da wannan ikon ba ka ce ya zo ofis in nuna masa.